Na koya wa Morag ƙarya da Hausa

Morag ta rasu.

Yau da safe labarin ya same ni. Ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai ga kiran Rahinatu daga Birmingham. Ita ce ke kula da Morag a gidan tsofaffi, mutuniyar Ghana ce, Hausarta irin ta zango. Ta ce, "Baba Bitrus, sai haƙuri. Tsohuwarka ta tafi jiya da la'asar, a kan kujerarta, rediyo na kunne."

Na kashe wutar. Ban sha shayin ba.

Yawancinku ba ku san sunanta ba, amma kun san fuskarta. Ita ce Baturiyar nan mai hular nas a guntun fim ɗin da kuke ta tura wa juna a waya. Ta durƙusa gaban wata mata mai riƙe da yaro marar lafiya, hawaye na zuba mata, tana cewa da Hausa, "Ni baƙuwa ce, ban san abin da nake faɗa ba." A ƙasa kuma rubutun Turanci yana cewa wai kada ki ji tsoro, zan kula da ɗanki.

Kun yi dariya. Ni ma kun turo mini, ba sau ɗaya ba. Wani dattijo a cocinmu ma rubuto mini ya yi, "Wane shaƙiyyi ne ya yi wa baiwar Allahn nan haka?"

Ni ne.

Amma bari in fara gaya muku ko ita wace ce, tunda jaridun ƙasar nan in sun yi ƙoƙari layi uku za su ba ta.

A wani ƙaramin garin masunta aka haife ta, can arewacin Scotland. Ubanta a teku ya ƙare, uwarta kuwa gyaran kifi take yi a bakin tashar jiragen ruwa har yatsunta suka lanƙwashe. Morag ta gudu Glasgow tana budurwa, ta shiga wasan dandamali, daga nan aikin talabijin ya kawo ta Manchester, ta zauna a Withington. Ba ta taɓa zama tauraruwa ba. Ita ce mai gidan haya, ita ce nas, ita ce maƙwabciyar da ke buɗe wa 'yan sanda ƙofa ta ce ba ta ga komai ba. Da ta tsufa sai suka mayar da ita kakar da ke mutuwa a farkon labari don 'ya'ya su samu abin yin rigima a kai. Ta ce mini ta mutu a talabijin har ta daina ƙirgawa, kuma ba a taɓa barinta ta mutu da takalmi mai kyau ba.

Ni kuma a lokacin da muka haɗu, gadin wurin ajiye motoci nake yi a Gorton. Digiri biyu gare ni a adabi da wasan kwaikwayo. Na koyar a gida, ɗalibai na tashi tsaye in na shiga aji. A nan kuwa takarduna ba su fi takardar ƙunshe ƙosai daraja ba. Ban faɗa don a tausaya mini ba. Don ku gane irin zuciyar da na je da ita ne.

Masu shirya fim suka zo cocinmu neman mai jin Hausa. Labarin wata nas ce 'yar Scotland da ta yi aiki a asibitin mishan a ƙasarmu zamanin Turawa. Fasto ya nuna ni. Na sa kwat ɗina, na goge takalmi, na karanta labarin tas, na cika shafi huɗu da gyare-gyare. Mutanenmu a cikinsa ba mai suna, ba mai magana, sai dai a ce "jama'a suna gunaguni". Kayan da aka ce su sa ma ba namu ba ne.

Mataimakin darakta bai ko karɓi takardun ba. Yana taunar biskit ya ce mini layi ɗaya kawai suke so in koya wa nas ɗin. Ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. Kowane irin surutu ma ya isa, ba wanda zai gane."

Ba wanda zai gane.

A bas ina komawa gida na rubuta wancan layin. Na ce a raina, tunda surutu suke so, zan ba su wanda nawa za su gane.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne Morag.

Mako uku ina zuwa gidanta. Ba ta taɓa barina na fara darasi ba sai na sha miyar sha'ir da take dafawa, mai kauri kamar kunu. Malam take kirana, don ta tambaye ni yadda ake kiran mai koyarwa a wurinmu. Shekaru ke nan ba wanda ya kira ni haka.

Harafin r ɗinta ko Bakano sai haka, don mutanen ƙasarsu suna kaɗa shi a harshe kamar mu. Amma ƙ ya gagare ta. Kwana uku tana bakuwa, bakuwa. Na sa ta riƙe numfashi, ta ɗora yatsa a maƙogwaro, ta yi ta yi har ta ƙware da tari. Ranar da ya fito daidai sai ta buga tebur, ta zaga kicin tana rawa da ludayi a hannu.

Ta ce, "Malam, in wata tsohuwa a ƙasarku ta kalli wannan, ba na so ta ji kunyar bakina."

A ranar ya kamata in faɗa mata. Na sha miya na tafi.

Bayan fim ya fito na ga sunana a ƙarshe, cikin jerin ma'aikata, an rubuta shi daidai. Daga baya na ji ita ce ta tsaya a ofishinsu ta ce ba za ta tafi ba sai an sa. Wani zai ji daɗi. Ni ji na yi kamar an liƙa mini takardar laifi a goshi.

Na zaci daga nan zumunci ya ƙare, yadda na saba gani a ƙasar nan: a yi aiki da kai, a yi maka murmushi, gobe a wuce ka a hanya. Ita ba ta yi haka ba.

Da danshi ya cinye bangon flat ɗinmu, matata Hannatu tana ta tari, na rubuta wa council, hukumar gari mai kula da gidajen, har na gaji. Morag ta ɗauki waya, ta yi musu muryar wata alƙaliya da ta taɓa fitowa a matsayinta. A makon aka turo masu gyara.

Da Hannatu ta rasu, ta zo zaman makoki. Ba ta zauna a falo tana kallonmu kamar an kawo ta yawon buɗe ido ba. Kicin ta shige ta naɗe hannun riga, ta yi ta wanke kwanuka tare da matan zumunta. Wata ta gane ta, suka fara ƙus-ƙus suna danne dariya. Ta gan su. Ta ci gaba da wanki.

Akwai wasan kwaikwayon da na rubuta tun ina gida. Na aika wurare da dama, ko amsa ban samu ba. Ita kaɗai ta karanta shi har ƙarshe, da fensir a hannu. Ta ce, "Kashi na biyu gawa ne, Malam, ka binne shi. Amma tsohuwar nan mai sayar da itace tana da rai. Da na fi haka baƙi da na roƙe ka ka ba ni ita." Na yi fushi wata guda. Gaskiya ta faɗa.

Shekara kusan ashirin ina cin abincinta, maganar nan ban faɗa mata ba.

Da ƙafafunta suka gaza, 'yar ƙanwarta ta mayar da ita gidan tsofaffi kusa da Perry Barr, a Birmingham. Na yi ta cewa zan je. Sai watan jiya Rahinatu ta kira ni a karon farko, ta ce tsohuwa ta ba ta lambata, kuma in ina da niyyar zuwa to kada in jira bazara.

Na hau jirgin ƙasa na je. Na same ta gefen taga da bargo a cinya, ta rame ƙwarai, amma idon nan yana nan.

Ta ce, "Malam, ka tsufa."

Na ce, "Ke kuma fa?"

Ta ce, "Ni aikina ne. An daɗe ana biyana don in tsufa."

Na zauna. Duk jawabin da na shirya a jirgi ya gudu. Na ce mata kawai, layin nan da na koya miki ba abin da aka rubuta ba ne. Na faɗa mata ma'anarsa. Na ce na yi ne don in rama wulaƙanci, amma a kanki ya sauka, kuma har yau mutanena suna yi miki dariya.

Ta gyara bargo. Can ta ce, "Ka yi jinkiri, Malam."

Na ce na sani.

Ta ce, "A'a, ba ka sani ba. Matar da ta fito a uwar yaron nan, mutuniyar Zariya ce, tana aikin shara a asibiti. Muna jiran a gyara fitilu ta ji ina maimaitawa, ta ja ni gefe ta fassara mini. Tun kafin a kunna kyamara."

Da ƙyar na ce, to don me kika faɗa?

Ta ce, "Don ya fi nasu. Yarinya ta baro ƙauyenta, ta je ƙasar da ba ta san komai nata ba, ga yaro yana mutuwa a gabanta. Kana jin za ta ce kada a ji tsoro? Naka ne gaskiyar. Kana zaton albasa aka sa mini na yi wancan kukan?"

Na ce, shekara ashirin, ba ki taɓa nuna mini ba.

Ta ce, "Ba nawa ne in faɗa ba. Layinka ne. Ina ta jiran ka shigo ka faɗe shi."

Ni da ban yi kuka a gaban mutane ba ko ranar da aka binne Hannatu, sai ga ni ina neman hankici. Na ce mata a wurinmu ba a rabuwa haka, sai an nemi gafara an kuma ji amsa da kunne. Na ce, ki yafe mini.

Ta ce, "Yaya ake amsawa da Hausa?"

Na ce, "Na yafe."

Ta dube ni ta gefen ido. Sai ta ɗaga murya ta kira Rahinatu, wadda ke shirya magani a bakin ƙofa. Ta ce, "Zo nan, 'yata. Na yafe. Me yake nufi? Mutumin nan ba a sayen kaya a hannunsa sai an buɗe an duba."

Rahinatu ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce, "Mama, wannan karon gaskiya ya faɗa."

Sai Morag ta kama hannuna. Nata ba nauyi ko kaɗan. Ta faɗa sau biyu, a hankali, yadda take yi in tana son kalma ta zauna mata a baki.

"Na yafe. Na yafe, Malam."

Hausarta ke nan duka a duniya, jimla biyu. Ta farko na ba ta da mugunta, ta biyu ta ba ni kyauta.

Shekara talatin da wani abu ina ƙasar nan, kuma ban sauya ra'ayina a kanta ba. Ta cinye ƙuruciyata, ba ta san ma na zo ba. Amma ba zan mutu ina cewa ba wanda ya gane ba. Mutum ɗaya ta gane, ita ce kuma wadda na zaɓa na cuta.

Roƙona gare ku kaɗan ne. Guntun fim ɗin nan zai sake yawo yanzu da ta rasu, na san halinmu. In ya iso wayarka, kalle shi da kyau kafin ka tura. Matar nan ta san abin da take faɗa. In kuma dariya ta zama dole, ga ni, ni za ku yi wa.

Ubangiji Allah, kai da ka san baƙuncin kowa, ka karɓi baiwarka Morag. Ka gafarta mata kamar yadda ta gafarta mini tun ban roƙa ba. Ka ta'azantar da 'yar ƙanwarta, ka sāka wa Rahinatu da alheri. Inda ta je, kada ta zama baƙuwa. Ka karɓe ta 'yar gida.

Duk wanda ya karanta har nan, Kirista ko Musulmi, ya sa ta a addu'a yadda ya iya. Sunanta Morag. Ku kaɗa r ɗin da kyau, ita ma ta yi wahala a kan namu.

Amin.