Rani Uku da Gurbinmu Ya Yi a Rufe

A shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira na dawo hutu daga kwalejin horon malamai, na tarar an kafa sanda a bakin gurbin da ke ƙasan garinmu, da ƙullin ciyawa a kanta. Kowa a wajenmu ya san nufinta: an rufe ruwa. Ba taru, ba ƙugiya, sai bayan rani uku. Masu daka ganyen magimfa su zuba a ruwa don kifi ya bugu ya taso sun kusa ƙarar da ragon ruwa, har da 'ya'yansa. Dattawan coci da na gargajiya, da ba su cika haɗa baki ba, a kan wannan suka haɗa. Babana na cikinsu.

Mama kuwa da kifin gurbin nan take ciyar da mu. Takan yi banda, ta kai tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, inda take da wuri kusa da famfo, daidai inda fasinjoji ke sauka shan ruwa. Dokar matan tasha ita ce, wadda tirenta ya yi mako bai fito ba, wurinta ya zama na wata.

"Baban yara," in ji Mama, "da kuka ɗaura ciyawan nan, kun tambayi kifi ko zai biya makarantan yarinya?"

Baba ya ce, "In ya ƙare fa, me za ki gasa? Kwaɗi?"

Wata 'yar Ibo mai sayar da burodi a gefen Mama, da muke kira Madam, ta daɗe da sa ido a wurin. Kwana biyar da rufe ruwa ta aiko wai a gaida Mama Kifi, a ce ta huta da kyau, kada ta yi gaggawa.

Washegari Mama ta ɗauki tire ba komai a kai, na bi ta. Da jirgin Maiduguri ya tsaya, ta sari kwandon bandar Borno a hannun wani farke, ta jera nan take, ta ɗaga tire zuwa tagogin jirgin yadda ta saba. Wani tsoho ya leƙo ya dubi kifin.

"Baiwar Allah, ai tare muka taho da shi. A kansa na zauna tun Bauchi."

Madam ta yi dariya har ta dafa famfo. Ko ɗaya Mama ba ta sayar ba, amma tire ya fito, makon bai cika ba.

A gida ta wanke kifin da ruwan ɗumi, ta shafe shi da citta da barkono da manja, ta mayar kan wuta da ɗanyen itacen gwaiba. Jirgin Maiduguri ta daina ɗaga masa tire, sai na Kaduna mai gangarawa Fatakwal. Ribar ba ta kai ta dā ba. Mun daina shan shayi da madara, takalmina guda ya kai ni ƙarshen karatu.

Ni kuma duk hutu nakan zauna a kan dutsen gurbin da littafi a cinya, ba na karantawa. Ranin farko ruwa ne kawai da gajimare a cikinsa. A na biyu na fara ganin inuwoyi suna gilmawa a ƙasa, ƙanana kamar ganyen gora. Ban taɓa shakkar za su girma ba.

Da aka cire sandar, gari duka ya shiga kamun kifi. Ragon ruwa ya yi yawa har ya rasa mai saye a ƙauye, don kowane gida na da shi. Masunta da suka koma noman citta, wasunsu ba su dawo ruwa ba. Mama ta ƙi barin na Borno, ta fito tasha da tire biyu, wuri ya yi mata kaɗan.

Madam ta dubi manyan kifayen ta ce, "Ba ni guda, in matsa miki."

Mama ta zaɓa mata babba, Madam ta ja teburin burodinta gefe.