Baba Ya Je Karɓar Makulli

Babanmu direban bas ne tun kafin a haife ni, a tasha kuma kowa Dogo yake kiransa. Taurin kai gare shi kamar mutanen farko. Da ya fara ganin jini a fitsari ko uffan bai ce ba, sai da Mama ta gani a banɗaki ta tasa shi gaba har asibiti, tana faɗa yana faɗa.

Likita ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ciwon daji ne a mafitsara, har ya taɓa kaluluwar da ke kusa da ita. Za a fara da allurai, sannan a cire mafitsarar gaba ɗaya haɗe da kaluluwar, don kada a bar saura. Daga nan fitsari zai riƙa fita ta wata 'yar kafa a gefen ciki, ya zuba cikin jaka. Ni da Mama muna ta sharɓar kuka, shi kuwa abu ɗaya ya dame shi, wai zai koma tuƙi? Likita ta ce in ya warke ba abin da zai hana. Nan take ya ce a yanka.

Ya sha wuya, ya rame har wandunansa suka daina zama. Amma yana samun ƙarfi ya ɗaure igiya a kujerar falo yana gwada inda bel ɗin mota zai bi, ya sa Mama ta ɗinka masa ɗan matashi don kada ya danne jakar. Muna yi masa dariya, ko a jikinsa.

Matsalar ita ce mai motocin da Baba yake yi wa tuƙi. Kullum sai ya ce a dawo gobe, alhali ya ɗora wani a kujerar Baba. Muka kuma ji ana raɗe-raɗin wai fasinja ba za su jure wari ba. Wari! Mutumin da ya fi su tsabta su duka. Raina ya ɓaci, na ce sai na raka shi.

Muka tarar da ofishin cike da direbobi. Baba bai tsaya dogon zance ba, ya ɗaga rigarsa har ƙirji.

"Ga abin da kuke gulma a kai. Wanda ya ji wari ya faɗa."

Baba ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullinsa.

Mai motocin ya daɗe yana kallon jakar kafin ya ja durowa ya ɗauko. Da ya sa makullin a tafin Baba, sai ya riƙe hannun gam. Ya sunkuyo ya rage murya, amma ina kusa, na ji.

"Dogo, kai ma da jini ya fara maka?"