Madam Aya Ta Ajiye Alli

Ƙarfe bakwai saura kwata take fitowa daga gidansu da ke bayan tashar Daura. Mijinta Hyginus ya wuce ya buɗe shagonsa na kayan gyaran babur, ita kuma ta tsaya bakin titi tana jiran motar Sandamu. Direbobin hanyar sun san ta, kujerar gaba suke bar mata don ta sami wurin ɗora littattafan da take dubawa a hanya. A jakarta akwai jan biro biyu, da alli, da wani tsohon gwangwanin madara cike da aya. Haka Madam Dorothy ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata. Ni Hausa nake koyarwa a makarantar, kuma shekara goma sha tara muna zama a tebur ɗaya, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Asalin gwangwanin ne kawai na ji daga bakinta. Daga kudu ta zo bautar ƙasa, ba ta jin ko "zo in kashe ki". Da ta ga 'yan ajinta suna cika shafi guda da rubutu ba ɗigo ko ɗaya, sai ta tambayi wani malami yadda ake kiran ɗigon ƙarshen jimla da Hausa. Ya ce mata aya. To, ayar rubutu jan farkonta ake yi a sauke ƙarshenta, ita kuwa baƙuwa ta tsinke ta a taƙaice, ta koma ayar ci. Ta shiga aji ta ɗaure fuska ta ce, "Gobe duk wadda ta zo mini ba aya, waje!" Washegari 'yan mata arba'in da bakwai suka zo, kowace da ƙullinta, wata jiƙaƙƙiya, wata soyayya mai sukari. Rubutun kuwa yana nan yadda yake.

Da wata ce, da kunya ta sa ta binne zancen. Ita sai ta juye ayar a tebur, ta sa kowace yarinya ta buɗe littafinta ta karanta da ƙarfi, duk inda magana ta cika ta ɗora ƙwaya ɗaya. Wadda ta ɗora daidai ta cinye abarta, wadda ta kuskure ta mayar. Daga baya ta ƙara ƙwayar dawa a madadin waƙafi. Tun daga nan sunan Madam Aya ya bi ta, har akwai iyayen da ba su san tana da wani suna ba.

Ba zan ce tana da sauƙin hali ba. Ta taɓa mayar mini da katin gayyatar bikin ƙanwata da jan biro a wuri uku, na yi kwana biyu ba na gaishe ta. Sanarwar da aka manna a allon malamai ma ba ta tsira ba. Amma na ga abin da ban gani wurin kowa ba: ta zauna ta koyi Hausa sosai don ta gano inda kuskuren yaranmu yake fitowa. Ita ta lura cewa yarinya za ta tashi fita ta ce da Turanci tana zuwa, don "ina zuwa" ne a ranta. Ita ta lura cewa "sai" ɗinmu, wanda muke jan labari da shi tun daga fitowa gida har dawowa, shi ke hana su tsayawa a rubutu. Sau da yawa takan juyo ta ce mini, "Malama Ikilima, wannan kuskuren ɗan gidanku ne, faɗa mini sunan ubansa." In na bayyana mata yadda abin yake a Hausa, sai ta koma aji ta warware shi daga can.

Ke ce, Madam, ba ki taɓa ce wa yarinya Hausarta ce ta cuce ta ba. Cewa kike yi, "Kanki daidai yake tunani, hannunki ne bai san inda zai huta ba."

Ɗalibarta ta ƙarshe ba 'yar makarantarmu ba ce. Raihana ce, 'yar wani manomi, Malam Lawal, daga wani ƙauye a bayan Sandamu. Ta gama sakandare da kiredit a komai ban da Turanci, ta sake zama ta sake faɗuwa. Wata makarantar koyon aikin jinya ta yi mata alkawarin gurbi da sharaɗin ta kawo sakamakon Turanci kafin a rufe rajista, in ba haka ba a ba wa wata. Uban da kansa ya kawo ta makarantarmu a kan babur wata Asabar da damina ta kankama, ina nan ina haɗa makin jarrabawa.

Ya ce, "Malama, ni ban san abin da ke cikin takardun nan ba. Na dai ce mata wannan ce ta ƙarshe. In ta ƙi, gwaggonta Rabi tana da keken ɗinki a Kongolam, ta je ta koya. Ba fushi nake ba, shekaru ne ke tafiya."

Raihana ba ta ɗago kai ba. Madam ta ba ta takarda ta ce ta rubuta insha'i a kan ranar kasuwar garinsu. Ta cika shafi ɗaya da rabi, rubutu mai kyau kamar an buga, da aya guda ɗaya tak a can ƙarshe.

Madam ta ce, "Karanta mini. Kada ki ja numfashi sai inda kika sa aya."

Yarinya ta fara. Kafin layi na shida idanunta sun yi ja, ta tsaya tana haki.

"Wa ya ce ki tsaya?"

"Madam, wallahi numfashina ne ya ƙare."

"To, mai duba takardarki ma mutum ne, shi ma nasa ƙarewa yake yi. Faɗa mini labarin nan da Hausa."

Ta faɗa tiryan-tiryan, tana tsayawa inda ya kamata ba tare da an ce mata ba. Madam ta buɗe gwangwani ta tura mata. Ranar ƙwaya huɗu kawai Raihana ta ci, sauran ta mayar.

Wata biyar suka yi a haka, kowace Asabar, ranar da Madam ya kamata ta huta. Bayan aya suka koma kan babban baƙi, da lokutan aikatau, da 'yan ƙananan kalmomin nan da Turanci ke sa wa a gaban suna, waɗanda Bahaushe ke tsallakewa don bai ga amfaninsu ba. Akwai Asabar ɗin da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce ba wanda zai zo, na tarar da su biyun a ɗakin malamai zannuwansu a jiƙe. Akwai kuma ranar da Raihana ta yi kuka ta ce kanta ba ya ɗauka. Madam ba ta rarrashe ta ba. Ta fito mata da insha'inta na ranar farko ta ajiye kusa da na ranar, ta ce ta duba da kanta.

Aka yi jarrabawa bayan girbi. Sakamako ya fito a makon da Madam ta ajiye alli, kwana tara kafin rufe rajista. Muna ɗakin malamai tana kwashe kayanta saƙon Raihana ya shigo wayarta, kalma biyu na Turanci masu cewa ta ci, da babban baƙi a farko da aya a ƙarshe. Madam ta zauna. Ta rubuta amsa da Hausa, ina leƙawa: ta gode wa Allah, ta ce 'yata kin fitar da ni kunya, ta ce a gaida Baba. Layi uku, ba aya, ba waƙafi. Na gani, na bar ta ta aika a haka, ko da yake katin bikin ƙanwata ya faɗo mini a rai.

Madam, mun gode. Ke ce baƙuwar da ta yi kuskuren kalma ɗaya ta mayar da shi sana'ar shekara talatin da ɗaya. Ɗalibanki suna asibitoci da ofisoshi daga Zango har Katsina, kuma ana gane takardarsu tun kafin a ga sa hannu. Malamai 'yan'uwana, ba sai kun nemi gwangwani ba. Ku dai nemi inda kuskuren yaro ya fito kafin ku ja masa jan biro. Ɗalibai kuma, ku karanta abin da kuka rubuta da ƙarfi, inda numfashinku ya tsaya ku duba ko akwai aya.

Ranar walimar sallama Malam Lawal ya sake kawo 'yarsa a kan babur, da takardar shiga makaranta a hannunta. Ta durƙusa gaban Madam, ta nuna mata amsar nan da Madam ta rubuta mata a waya, sannan ta kwance bakin mayafinta ta ɗora mata ƙwayar aya ɗaya a tafin hannu.

Ta ce, "Madam, kin manta wannan."