Makhauta da Tagar Gidan Makoki

A garin Mafeteng, idan hitar gas mai ɗumama ɗaki ta soma yi wa mutum gardama, Makhauta ake aika wa. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, kullum cikin bargo ruwan toka da takalmin roba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana ɗinka aljihun wando a wata masana'anta a birnin Maseru, aka sallame ta ranar wata Juma'a ko sannu babu. Gyaran hita kuwa gadon mijinta ne. Abin da ya bar mata ke nan, sai filaya biyu da wani kare da ya manta yadda ake haushi.

Aibinta ɗaya a wurin mutanen gari: ba ta cire mai gadi. Haka take kiran ɗan ƙarfen nan da ke kashe wutar hita idan iskar ɗaki ta ƙare. Masu gyara na bakin tasha, da ka yi ƙorafi, sai su ɗaure shi da waya, wuta ta yi ta ci har Mahadi ya bayyana. Ita ko za ka kwanta kana birgima ba ta yi. Gidaje da dama sun daina kiranta saboda haka, ta ce sun rage mata tafiya.

A watan Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, ƙanƙara ta rufe duwatsu, tsohon direban tasi Lebona ya rasu. Aka yi yadda aka saba: aka fitar da gado, aka shimfiɗa wa matarsa Mamosa katifa a ƙasa, aka shafe tagogi da toka aka rufe su har sai an yi jana'iza ranar Asabar. Tsofaffin mata tara suka zauna taya ta, suka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa saboda sanyi. Hita ta ce ba da ita ba. A kunna, ta ɗan ci, ta mutu.

Yayan mamacin, Ntate Sekhonyana, wato Baba Sekhonyana a harshensu, mutumin da ko tari zai yi sai ya gyara tsayuwa, shi ya aika a kira Makhauta da hantsi.

Tana shiga ta ji iskar ɗakin ta yi nauyi. Tsofaffi sai hamma suke, kowacce na riƙe da kai, wai kuka ne ya sa musu ciwon. Ta tura hitar zuwa tsakar gida, ta share gashin bargo da ya toshe ta, ta shafa wa tiyo ruwan sabulu, ba kumfa ko ɗaya. Ta kunna. Wuta shuɗiya shar, har Makhauta ta shanye shayin da aka ba ta wutar ba ta ko girgiza ba. Aka mayar ɗaki, kafin a gama gaisawa da baƙi biyu ta sake mutuwa.

Ta gaya wa Sekhonyana hitar lafiyarta ƙalau, ɗakin ne ba shi da lafiya, a buɗe taga. Ya ce tagar makoki ba a buɗe ta, ta ɗaure abin nan kamar yadda kowa ke yi.

"Ntate, kabari nawa kuka haƙa?" in ji ta.

"Wace irin tambaya ce wannan, Mama? Ɗaya mana."

"To ka aika a ƙaro goma, sai in ɗaure."

Sekhonyana ya ce ita da ta yi zaman katifa da kanta bai kamata ta ci mutuncin al'ada ba, kuma yanzu zai kira yaron tasha ya yi aikin. Makhauta ta sunkuya ta kwance makullin tukunyar gas, ta jefa shi cikin ƙirjinta, ta maƙale bargo da babban fil.

"Kira shi. Amma ka gaya masa inda zai sa hannu ya ɗauko."

Wata tsohuwa ta yi dariya ta mayar da ita tari.

Daga nan Makhauta ta wuce shi, ta durƙusa gaban katifa, ta yi wa Mamosa bayani a hankali: ko taga, ko sanyi, na uku kuwa barcin da ba a tashi. Mai takaba ba ta ɗaga murya, don haka sai da kowa ya yi tsit kafin a ji ta.

"Shekara talatin Lebona yana tuƙi da gilashi a buɗe, yana kashe mu da sanyi. Ku buɗe masa."

Sekhonyana ya duba ko akwai mai goya masa baya, ya tarar duk tsofaffin tagar suke kallo. Makhauta ta tura ta faɗin yatsu huɗu, tokar na nan a jikin gilashi ba ta goge ko kaɗan ba, ta tokare da sukundireba. Ta mayar da makulli, ta kunna. Wutar ta ci har Asabar, ciwon kai kuma ya tafi, ko da yake kukan bai ragu ba.

Tun daga ranar Sekhonyana bai sake gaishe ta ba, ya kuma hana 'ya'yansa uku kai mata gyara. Ita ce ke gaishe shi. Duk inda ta hango shi, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai ta ɗaga murya ta tambayi lafiyar iyali, sannan ta tambayi lafiyar taga.