Rufin da aka cire wa tokara a kwana na tara

Kawuna, wan mahaifiyata, birkila ne. A unguwarmu ko manya sun manta sunansa na yanka, Bari-ya-kama kowa ke ce masa, domin maganar da ba ta barin bakinsa ke nan. Ka ce ya ɗora bulo a kan ginin jiya, ya ce bari ya kama. Ko faɗa aka sasanta a gida aka ce a tashi, sai ya ce a ɗan zauna tukuna, bari ya kama.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fara kwaɓa siminti a ƙarƙashin wani, ya yi shekara arba'in da ɗoriya a kan aikin. Siminti ya cinye masa tafin hannu har yakan sauke tukunya daga wuta ba tsumma. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse neman na kansu, shi kuwa yana nan a ɗaki ɗaya, da gudumarsa da cokalin gini da igiyar awo rataye a ƙusa. In ya shiga gidan mutane gaisuwa, kafin ya zauna sai ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya kasa kunne. Mahaifiyata ta sha kunya a kan wannan hali.

Ƙungiyar matasa ta masallacinmu ta daɗe tana koyar da yara karatun addini da na boko a ƙarƙashin rumfa. Ina cikin masu koyarwa, ajin ƙanana ne nawa, su talatin da biyu. Da aka samu fili aka ce za a gina makaranta, Kawu ne ya fara zuwa. Ya ce shi ba shi da ilimin da zai koyar, hannu gare shi, a karɓa don Allah. Shekara biyu yana zuwa duk ranar da ba shi da aikin wani, da rana da ruwa.

Akwai kuma shugaban kwamitin ginin. Ban taɓa ganin mutumin da ke son lasifika kamarsa ba. Yakan zo wurin gini cikin fararen kaya, ya karɓi cokalin Kawu ya riƙe a ɗauke shi hoto, sannan ya nemi ruwa da sabulu. A duk jawabansa na shekara biyun nan bai taɓa ambaton wanda ya ɗora bulo ɗaya ba.

Azuzuwa uku kwano aka rufa musu. Na huɗu, wato nawa, rufin kankare aka zuba masa, don ana so a ɗora bene nan gaba. Kawu ya shimfiɗa katako, ya ɗaure rodin ƙarfe, ya tokare daga ƙasa da sanduna kusan sittin. Da aka gama zubi ya ce kwana ashirin da ɗaya ba mai taɓa sanda ko ɗaya, kuma safe da yamma za a riƙa ba rufin ruwa. Shi da kansa yake hawa da bokiti. Ashe Shugaba ya riga ya samo babban baƙo, ya sa ranar buɗewa kwana goma bayan zubi, har an raba katin gayyata.

"Baba, ashirin da ɗaya ya yi yawa," in ji Shugaba. "Baƙo ya shigo ya tarar da aji kamar daji?"

"To a nuna masa sauran ukun, ranka ya daɗe. Wannan a rufe shi."

"Ai wannan ne abin nunawa. Kuma aikin Allah ne, Baba. Allah zai tsare."

"Allah ne ya yi wa siminti halinsa," in ji Kawu. "Shi kuwa siminti bai san baƙo ba."

Shugaba ya yi dariya, ya dafa masa kafaɗa, ya ce an ji. A kwana na tara Kawu ya tafi asibiti a duba masa ido. Ko awa ɗaya bai yi da tafiya ba Shugaba ya iso da leburori daga wata unguwa, suka bubbuge sandunan, suka ɓanɓare katakon. Ina tsaye aka yi. Kafin la'asar tsaga ta fito daga kusurwa har tsakiyar rufin, tsakiyar kuma ta ɗan yi ciki. Shugaba ya ɗaga kai ya duba, ya aika aka sayo farin yadi da shuɗi, ya ce mata su yi wa saman ado. Ni ce na hau benci na riƙe yadin ana kafawa. Na sa farcena a tsagar ya shige. Ban gaya wa kowa ba. Shugaba ne ya ba ni ajin, kuma ba na so a ce 'yar ƙanwar birkila ce ta ɓata wa jama'a taro. Wannan shi ne dalilina gaba ɗaya, kuma ko yanzu da nake faɗa ƙyamar kaina nake ji.

Ranar buɗewa an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an tsayar da yara a rana cikin sababbin kaya awa uku, manya suna yabon juna a inuwa. Shugaba ya yi jawabi a kan riƙon amana har muryarsa tana rawa. Baƙo ya yanke ƙyallen da aka ɗaura a ƙofar ajina, aka yi addu'a, aka shiga. A nan, a ƙarƙashin yadin, Shugaba ya tuna akwai wani mutum wai shi Bari-ya-kama. Ya sa aka jawo shi gaba da auduga manne a ido ɗaya.

"Jama'a, ga gwarzon magininmu. Duk abin da kuka gani a ɗakin nan, daga ƙasa har sama, aikin hannunsa ne. Shi ne da alhakinsa."

Aka yi ta tafi. Na gane abin da aka yi: wanda aka ƙi ambata shekara biyu, yau an rataya masa rufin a wuya a gaban shaidu. Kawu bai kalli kowa ba, yadin yake kallo. Da aka watse ya same ni ina tara kujeru.

"Malama, me ke bayan ƙyallen nan?"

"Ado ne, Kawu."

Ya daɗe yana kallona da idonsa ɗaya. "Yaushe yara za su shiga?"

"Jibi."

Washegari da safe ina jera benci sai ga shi da tsani da babbar guduma. Ya ce in fita. Ya fizge yadin, ya duba, ya fita ya hau ta waje ya tsaya a kan bango. A bugu na uku, wani yanki mai faɗin ƙofa ya rufto, ya faɗa a kan benci biyu na gaba ya ragargaza su. A nan nake zaunar da mafi ƙanana, waɗanda ƙafarsu ba ta kai ƙasa.

Ƙarar ta tara mutane. Shugaba ya iso yana haki, yana cewa an rusa aikin Allah, hassada ce, tsufa ne. Kawu yana sama ya ce, "Rufin da ya kama, sai in wuni ina duka. Wannan uku na yi masa." Wasu suka fara kallon juna. Shugaba ya ga haka, ya juyo gare ni.

"Malama, kina nan aka cire katako. Faɗa wa jama'a tsakaninki da Allah, kin ga wata matsala?"

Kowa ya zuba mini ido. Na ji kaina ina cewa, "Ni ban san gini ba."

Kawu ya sauko daga tsanin a hankali, ya saɓa gudumarsa. "Gaskiya ta faɗa," in ji shi. "Ba ta sani ba. Ku ƙyale ta." Ya bi ta cikin mutane ya tafi.

An rushe sauran rufin, an sa kwano, yarana talatin da biyu suna karatu a ƙarƙashinsa lafiya lau. Kwamiti ya hana Kawu shiga harabar makarantar, a unguwa kuma ba mai kiransa ko gyaran dakali, wai kansa ya taɓu. Yanzu sai ya hau mota zuwa inda ba a san shi ba yake samun aiki. In mun haɗu a gidan mahaifiyata, shi yake fara gaishe ni, ya tambayi yara, ya ce Allah ya yi musu albarka. Ina ma a ce zagina yake yi.