Malam Lateef, Mai Duba Gefen Gona

Da an idar da sallar asuba za ka ji tarin tsohon babur ɗin Malam Lateef, malamin gona, ya nufi Tsiga ko Mahuta. A Funtua aka haife shi, iyayensa Yarabawa ne 'yan kasuwa, amma in yana zancen dawa sai ka rantse a kunya aka yanke masa cibiya. A watan nan ya ajiye aiki, ni kuwa na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, ofishin gona ya ɗora masa aikin jin ta bakin manoma: sun yarda damina ta gajarce, ko suna tantama? Kowa ya tambaya sai ya ce, "Haka ne, Malam." Mutanenmu ba sa ƙaryata baƙo a zaurensu. Sai ya daina tambaya. Ya riƙa ba kowa tiya guda ta irin dawa mai saurin nuna, bayan shuka ya zagaya ya ga inda aka sa ta. Wanda ya gaskata, tsakiyar gona inda taki yake. Mai shakka, can bakin hanya wajen awaki. Wani kuwa tuni ta zama tuwo.

Malam Ummaru na Tsiga, mai gona ɗaya tal da gida cike da yara, shi ya fito fili. "Malam, farafara, dawarmu ta gado, ce ta ciyar da ubana. In na bar ta irinka ya ƙi, ofis zai ciyar da yarana?"

"Baba, kada ka bar ta," in ji Lateef. "Gefen nan kawai nake roƙo, amma a sa masa taki."

Ya yi ta komawa, kowace damina gefen yana ɗan ƙaruwa. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, farafara ta bushe a tsaye ba ta fid da kai ba. Gefen nan ne ya riƙe gidan har sabuwar damina.

Kai ne, Malam Lateef, ka gane shakkar talaka tsoron yunwa ce, ba ka taɓa kiran ta jahilci ba. Wallahi tafiyarka ta taɓa ni. Mun gode, Allah ya saka. Ku da za ku gaje shi, ku sauko daga babur ku taka gona.

Jiya na tambayi Ummaru ko yanzu ya yarda damina ta sauya. Ya ce, "Ruwa na Allah ne, wannan ban sani ba. Abin da na sani, a waccan shekara maƙwabtana sun binne yara, ni ban binne ba."