Ƙwallayen Dabinon Iya

A gidanmu na kusa da Ƙofar Doka, tatsuniyar Iya, kakarmu, da mu ake yin ta. Da an sauke tuwo bayan magariba sai mu kewaye murhu, ta raba mana mutanen labarin. Ni 'yar maƙeri ce, ƙanena Bashir kuwa kullum maharbi, duk da ko ɗan tsako tsoro yake ba shi.

In kura ta tare hanya, da baki kawai Iya take wucewa: maharbi ya kore ta, aka ci gaba. Amma in faɗan zai juya labarin ne, sai ta jawo wani gwangwani ta zazzage ƙwallayen dabino uku, kowanne an shafa wa gefe ɗaya baƙin tukunya. Mai faɗan ya watsa. In fari ya fi yawa ka sari dodo, in baƙi ne ya sare ka, sara bayan sara har wani ya faɗi.

Lokacin da aka kwantar da Bashir a asibiti, mun baro maharbinsa a bakin kogon dodo. Kwana shida bai ci komai ba, manya kuma sun ƙi gaya mini gaskiya. Na sa a raina in maharbin ya ci faɗan, Bashir zai dawo. Na riƙe zanin Iya ina kuka, ina roƙonta in watsa masa.

Ta ce, "Asabe, in baƙi ya fito za ki iya ɗauka?"

Na ce ai fari zai fito.

"To ba za a watsa ba. Sai faɗan da ko yaya ya ƙare za mu iya ci gaba da labari." Ta ce maharbi ya zauna bakin kogo yana jira, ta rufe tatsuniyar.

Da ta tashi alwala na ɗauko gwangwanin na watsa. Baƙi uku. Na sake, na sake, har fari ya zo, amma na farkon na riga na gani. Bashir bai dawo gida ba. Na yi shekaru ina ganin ni na kashe shi, ban gaya wa kowa ba.

Yanzu ina jagorantar irin wannan wasa ga ɗalibaina a harabar jami'a ta Kongo, da ɗan ludo da ƙaton littafin dokokin faɗa. Suna mita wai ba na son buɗe shi. Kafin in miƙa wa kowa ɗan ludo, tambayar Iya nake yi masa. A kowane labari da na shirya akwai wani maharbi zaune bakin kogo, kuma ban taɓa barin kowa ya watsa masa ba.